Jan Babur ɗin Sinyo

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai tambaya, a bakin masallaci tambaya, har mai shayin tasha sai ya riƙe mini kofi a hannu ya ce sai na gaya masa ko gaskiya ne mata ke tuƙa babur a can. Wasu kuma ba su ɓoye ba, cewa suke kuɗin ariyas ɗin da aka ba ma'aikata ne suka taɓa mini kai, in ba haka ba me zai sa malamin firamare ya bar sababbin babura 'yan Japan jibge a Funtuwa, ya ƙetare iyakar ƙasa ya jajibo tsohon ƙarfen da ya kusa sa'a da shi. To na gaji da maimaitawa. Ga shi na rubuta, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Sunana Lawal, ni ne ɗan fari a gidanmu a Ƙanƙara. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Wancan" nake, ranar da na yi abin kirki kuma in zama "mutumin nan". In yana son in yi wani abu sai ya faɗa wa ƙanwata Saude, ko da kuwa ina tsugune a gabansa. Ban ƙullace shi ba, kunyar ɗan fari ce, haka na tashi na ga ana yi a kowane gida. Amma ba zan yi ƙarya ba, ina yaro na sha leƙen yadda yake ɗora Saude a cinya yana ɓare mata gyaɗa, raina yana biyawa.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu idon Baba ya fara rufewa. Mun kai shi har Kaduna aka ce sai haƙuri. Daga nan ya daina zuwa gona, ya daina zuwa majalisa, tuwo ma sai Saude ta yi da gaske yake kai loma uku. Abu ɗaya ne kawai ke sa ya miƙe zaune ya yi fara'a, labarin babur ɗin wani Baturen Italiya da ya yi wa aiki lokacin da suke gina hanya wajen Sheme, shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Sinyo suke ce masa. Aikin Baba a wurinsa shi ne wanke babur ɗin da goge shi kowace safiya.

Wata rana na dawo daga makaranta Saude ta tare ni a zaure.

"Yaya, jiya Baba ya ce da zai ƙara jin kukan mashin ɗin nan sau guda kahin ya koma ga Allah, da ya gode."

"Mi sunan mashin ɗin?"

"Bai sani ba. Ja ne dai, da hoton tsuntsu a tanki. Amma shina yin kukanshi da baki, wallahi sai ka ce shi ne."

Ni kam ban taɓa ji ba, don da ya ji motsina yake yin shiru. Dama na sayi rakoda sabuwa, sai na koya wa Saude inda za ta danna. Ta kifa mata kwando kusa da buzunsa, ta ja shi da hira. Da ta kawo mini kaset ɗin na shiga ɗaki na kunna. Sai ga muryar Baba, dum, dum, dum, a hankali kamar mace ɗaya tana daka, tsakanin kowane dum yana ɗan taɓa harshe, tsak, tsak. Can ya ƙara sauri, ya sauka, ya sake hawa. Daga ƙarshe ya fashe da dariya ya ce, "Haka shike yi, Saude, wallahi haka shike yi." Rabon da in ji dariyar nan tun mahaifiyarmu na da rai. Ana ba da babban hutu na ɗauki jaka da rakoda na kama hanya, abin da ke raina kawai in dawo da babur ɗin in tarar da shi da sauran kwana.

Faskari na fara yada zango, wurin Malam Ɗanjuma, tsohon direban gireda da suka yi aikin hanya tare da Baba, yanzu yana da injin niƙa. Ya kashe injin, ya kaɗe garin da ke gemunsa, na kunna masa kaset. Bai kai rabi ba ya buga cinya.

"Kai! Wanga ai Garba Mai Tsumma ne! Har tsak-tsak ɗin bai mance ba!"

Ya ce Sinyo ya tafi Ikko da abinsa tun kafin a ba mu mulki, shi ma bai san sunan babur ɗin ba. Ya tuna dai akwai wani faifan ƙarfe da ke juyawa a waje gefen injin, wanda ya taɓa cin bakin wandonsa.

"Amma in kana son ka san abin da ya haɗa ubanka da mashin ɗin nan, tahi Sabuwa ka tambayi kakarka. Ni ba ni hwaɗi, kada Garba ya ji ya daina amsa gaisuwata."

Ban yi niyyar ratsa Sabuwa ba, amma maganar ta tsaya mini a rai. Na shiga motar katako, damina ta yi nisa, bayan Ɗandume muka kafe a laka har sau uku. A na ukun ina cikin turi santsi ya kwashe ni na zauna daɓas, hulata ta yi gefe. Fasinjoji suka ga na bar takalmina a laka na rarrafa na bi hula, suka yi ta dariya. Ba su san kaset ɗin na ciki ba, naɗe a leda.

Iya Yalwa, mahaifiyar mahaifiyata, tana ganina ta fara halin nata.

"Maigidan, yau ka tuna da tsohuwar matarka? Kuma haka za ka zo mani, da laka har gindi, ba ko goro?"

Bayan na yi wanka ta dama mini fura, na kunna mata kaset. Ta saurara, ta yi murmushi, sai kuma ta sa gefen zane ta goge ido.

"Uwarka nan gida ta zo haihuwar hwari, kamar yadda aka saba. Kwana biyu tana naƙuda, har mun hidda rai, aka aika Sheme. To ubanka ya iya buɗe baki ya ce a ba shi hutu matarshi na haihuwa? Ina! Sai ya zagaya bayan tanti ya zauna shina kuka cikin tsumman goge mashin. Nasaran ya ishe shi haka, ya matsa ma Ɗanjuma sai da ya hwaɗa mashi. Da hantsi muna zaune jugum, sai muka ji abu dum, dum, dum, kaji na watsewa. Suka tsaya bayan dangar can. Ko minti biyar ba a yi ba ka hwaɗo, ka callara kuka."

"Ya shigo?"

"Gidan surukai? Kuma ɗan hwari? Ina zai sa idonshi? Nasara na ta jan hannunshi shina nuna ƙohwa, ubanka ya noƙe. Ya tsaya nan ya saurari kukanka har ka yi shiru, ya ji guɗa, ya san uwarka ta tashi, sannan ya ce ma Nasara su koma. Nasaran ya cire hula ya buga da ƙasa, shina ta surutu da yarensu. Ubanka ya so ya zo a ɓoye, mashin ya tona mashi asiri. Shekara guda abokai na tsokanarshi."

Na ajiye ludayi na kasa ci gaba da sha. Shekara ashirin da uku ina zaton ni dai an haife ni ne an ajiye. Na tashi na je na tsaya bayan dangar, inda ta nuna, ba komai a wurin sai kashin awaki da wata 'yar bishiyar zogale. Na daɗe a tsaye, sai da Iya ta leƙo ta ce in ba kishiya na hango mata ba in dawo in shanye furata.

A Kaduna na ga abin da kuɗi ke yi. Shagunan babura cike da ma'aikata, kowa na nuna wanda yake so da baki, ana ciro shi daga akwati ana ɗaura masa madubi. Na shiga shago na fi goma. Da na ce tsohon babur ɗan Italiya nake nema sai a ce wane iri, in ce ban san sunansa ba amma ga kukansa. Nan ake fara kallona. Wani ma ya ce in sake kunnawa, na ɗauka ya gane ne, ashe maƙwabta ya tafi kira su zo su sha dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba ni suke wa dariya ba, Baba suke wa. Ina naɗe wayar rakoda wani Ibo mai sayar da kayan gyara ya biyo ni waje. Ya ce shi ma bai san babur ɗin ba, amma ya san wanda zai sani. Ya yagi kwalin sigari ya rubuta mini: Baba Alabi, Ebute Meta, bayan layin dogo. Ya ce duk Ikko in babur ɗin Turai ya gagara, can ake tura shi.

Jirgin ƙasa ya kwana ya wuni da mu. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani Alhaji mai fataucin goro, mutumin Malumfashi, wanda ya ji labarina ya ce ba ni da masauki sai gidansa a Agege. Shi ya fara kai ni gidan abincin Yarabawa. Aka kawo mini tuwo baƙi ƙirin, na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Alhaji, wanga ya ƙone." Ya yi dariya har da tari, ya ce amala ke nan, garin doya ne, haka Allah ya yi shi. Tuwon bai yi mini laifi ba, miyar ce ta nemi raina. Loma biyu na ji kunnuwana sun toshe, mai abincin tana ta ce mini sannu da yarensu tana ƙara mini wata.

Ikko kuwa gari ne da kowa ke gudu amma mota ba ta motsi. Daga Agege zuwa Ebute Meta sai da muka yi rabin wuni, ta kan gada ina hango jiragen ruwa jere a teku, aka ce siminti suka kawo sun rasa wurin saukewa. Ka yi wa mutum sallama ya dube ka kamar za ka roƙe shi. Amma kuma su ne za ka ga ƙato da kwat da lakataye ya kwanta rub da ciki a ƙasa yana gaida tsoho. Mu da muke taƙama da tsugunawa sai na ga ashe rabin gaisuwa muke yi.

Shagon Baba Alabi rumfar kwano ce, ba allo ba suna. Ciki babura ne na Ingila da Jamus da Italiya, wasu ba ƙafa, wasu ba inji, kowanne an lulluɓe shi da buhu. Shi kansa gajeren tsoho ne mai tabarau ɗaure da zare, ya yi zaman Zariya yana jin Hausa daidai gwargwado. Na tarar suna cin abinci kwano ɗaya da babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya, yana kiran sunansa gatsau, har yana tsame nama yana tura masa. Na kau da kai don kunya ta kama ni, amma kuma idona ya yi ta komawa kansu.

Da suka wanke hannu na yi bayani, na kunna kaset ina jiran dariya. Tsohon ya ɗaga hannu, ɗansa ya ajiye guduma. Ya rufe ido.

"Sake."

Na mayar na sake. Yana bin sautin da yatsa a kan benci.

"Sake wurin da ya hau."

Sau huɗu muka ji. Sannan ya buɗe ido ya ce, "Fistin ɗaya ne, babba, a kwance yake, yana kallon gaba. Ka ji tsak-tsak? Bawul ke nan. Mutum ba ya jin wannan sai ya tsuguna kusa da inji kullum. Wannan baba naka makanike ne?"

Na ce a'a, mai gogewa ne.

"To ya fi makanikai da yawa kunne."

Ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar kalanda da mai ya ɓata, ya buɗe. Ga shi nan ja wur, doguwar salansa, tsuntsu ya buɗe fiffike a tanki, ga faifan ƙarfen da ya ci wandon Malam Ɗanjuma. Ya faɗi sunansa, ni dai ba zan rubuta ba don na san ɓata shi zan yi. Ya ce na tsere ne, samarin Italiya ke hawansa. 

Sai dai ba shi da shi. Ya ce guda biyu irinsa ya sani sun rage a wannan yanki, ɗaya na wani limamin coci ne a Badun wanda ko za a yanka shi ba zai sayar ba, ɗaya kuma yana Kwatano wurin Madam Sesil, matar wani abokinsa makanike da ya rasu. Ya rubuta mata wasiƙa ya ba ni, ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce in gaida baban nan, in ce masa wani tsoho a Ikko ya ji shi sarai.

A iyakar Idiroko jami'in da ke duba kaya ya ga rakoda ya ce me ke cikin kaset. Na ce muryar mahaifina ce. Ya ce wa'azi ne ko siyasa? Na ce a'a, kukan babur yake yi. Ya ce lallai sai ya ji. Haka na tsaya tsakiyar layi, 'yan kasuwa da kwandunan kifi a ka, Baba yana dum, dum, dum a kan teburin hukuma. Da aka zo wurin dariyarsa sai jami'in ma ya yi dariya, ya buga mini hatimi ya ce in wuce.

Kwatano na sauka a Zango, unguwar Hausawa, gidan wani mahauci Malam Isa, wanda ya zama tafintana don ni Faransancina bai wuce gaisuwa ba. To mai shayi, amsarka ga ta: gaskiya ne, mata na tuƙa babur, ƙanana masu feda, da goyo a baya da kwando a gaba, kuma ba mai waiwayarsu sai ni. Burodinsu dogo ne kamar sanda, a hammata ake saƙalo shi ba ko takarda, ɓawonsa ya fasa mini dasashi. Da rana ta take kuma sai a rufe shaguna kaf a tafi barci sai wajen la'asar. Ranar farko ban sani ba, na isa shagon Madam da azahar na tarar da kwaɗo, na zauna a dakali na yi ta zullumi ko ta tashi ne.

Da la'asar Malam Isa ya same ni a can, da ta zo sai na ga doguwar mace mai furfura, da rigar makanikai a kan zane. Mijinta babura 'yan Italiya kaɗai yake gyarawa yana sayarwa, shekara ashirin tana miƙa masa sifana har ta fi shi sanin inda ciwo yake. Ta karanta wasiƙa, ta saurari kaset, ta sa aka fassara mata abin da Baba ya ce a ƙarshe. Sai ta wuce can ƙurya ta yaye wani bargo. Jan ya ɗan kwashe, tsuntsun ya rasa rabin fiffike, amma shi ne na cikin kalandar.

Ta hau ta buga kik sau ɗaya. Dum, dum, dum. Tsak, tsak. Wallahi da na rufe ido da na rantse Baba ne a ƙarƙashin kwandon Saude. Hawaye suka zubo mini a gaban mace, a ƙasar mutane, ban ma damu in share ba.

Na ce a yi ciniki. Ta ce wa Malam Isa ya gaya mini dokar mijinta, ba a sayar wa mutum babur sai ya iya tada shi da bugu ɗaya. Na ce wannan ai sauƙi ne, na sha hawan na abokai. Na naɗe ƙafar wando na taka da ƙarfina. Ƙarfen ya dawo ya daki ƙwaurina, na ganni zaune a kan tsohuwar taya ina salati. Madam ta jira na gama, sannan ta nuna mini wani ɗan ƙaramin hannu a ƙarƙashin kan babur. Sai ka matse shi injin ya saki numfashi, ka taka a hankali har ka ji fistin ya wuce wuya, ka saki, sannan ka sauke nauyinka gaba ɗaya. Ta ce wannan ba a yi masa ƙarfi, lallashinsa ake.

Kwana huɗu ina zuwa da ɗingishi. Ta koya mini tada shi, da canja mai, da daidaita bawul ɗin da kunne, ta kuma hana ni sa babbar riga kusa da faifan. Kullum sai ta raba burodinta biyu ta ba ni rabi da kifin gwangwani. Rana ta huɗu na buga sau ɗaya ya amsa, ta tafa hannu kamar ɗanta ne ya ci jarrabawa. Muka daidaita, kuma kada wanda ya tambaye ni nawa. Da za a fitar da shi ta shafa tankin ta yi magana ƙasa-ƙasa. Malam Isa ya ce cewa take, mijinta a kansa ya fara ɗaukarta, gara ya tafi inda za a saurare shi da ya zauna a ƙarƙashin bargo.

Takardun iyaka sun ci wuni guda. Daga Agege Alhaji ya sa aka ɗaure mini shi a kan buhunan goro a motar da za ta Funtuwa, ni kuma na zauna kusa da shi ina riƙe, kwana uku, duk ramin da muka faɗa sai na ji a cikina. Tunanina ɗaya, ko ina zan tarar da Baba, don sati uku ban ji labarin gida ba. A Funtuwa aka sauke, na zuba mai, na matse ɗan hannun nan na yi bisimilla.

Da la'asar sakaliya na shigo Ƙanƙara. Tun daga kwanar kasuwa na rage wuta na bar shi yana dum, dum ɗinsa. Da na karyo layinmu sai na hango mutum a tsaye ƙofar gida, ba sanda, ya karkata kai gefe guda. Saude ta ce tun ina wajen makabarta ya ajiye kofin kunu ya ce mata, "Yi shiru," ya miƙe da kansa ya lalubi bango ya fito.

Na tsaya a gabansa ban kashe ba. Ya miƙo hannu ya shafa fitila, ya shafa tanki, yatsunsa suka tsaya daidai kan tsuntsun. Ya gangara zai kai ga faifan na yi sauri na kashe. Ya tsuguna, ya kama gefen rigarsa ya fara goge ƙurar hanya daga kan injin, yana bin kowane lungu ba tare da ya yi kuskure ba. Maƙwabta sun cika wurin.

Can ya ce, "Saude, tambayi wancan, shina iya ɗaukar mutum?"

Na ce wa Saude ta ce masa yana iyawa.

Washegari da hantsi muka fita. Abin da ban yi tunani ba shi ne, babur ɗin tsere ba shi da kariya a baya irin ta 'yan Japan da mutum zai riƙe. 'Yar kujera ce kamar tafin hannu biyu, ba abin kamawa ko ɗaya sai direba. Baba ya hau, ya lalubi baya bai ji komai ba, ya lalubi gefe bai ji komai ba. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwoyinsa ya ce wa Saude a tafi. Na saki kulochi a hankali, amma babur ɗin ya ɗan zabura, sai ji na yi hannu biyu sun zagaye cikina sun riƙe gam. Tun da nake ban taɓa sanin ɗumin jikin mahaifina ba sai ranar. Ya rame ƙwarai, ina jin ƙasusuwan ƙirjinsa a bayana.

Muka bi hanyar garin Ƙetare, gero ya yi kai hagu da dama. Na ji ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Ƙara mashi wuta." Ba Saude a wurin, da ni yake. Na murza totur, injin ya buɗe murya, sai na ji Baba yana bin sa da baki yana dariya, irin dariyar cikin kaset.

Mun wuce wata tsamiya, ba gida ba mutum, ya ce in tsaya. Na tsaya na kashe. Bai saki cikina ba.

"Kakarka ta hwaɗa maka ko?"

"Ta hwaɗa mani, Baba."

Ya ƙara riƙe ni. Sannan ya ce, "Ran nan kukanka kawai na ji, ban gan ka ba. Da ina da idon kuma ban taɓa tsayawa na dube ka da kyau ba. Sauka ka juyo."

Na sauka na durƙusa a gabansa. Ya sa hannuwan nan biyu, masu warin man inji, ya shafa goshina, da girata, da hancina, da ɗan gemun da nake tarawa, a hankali, yadda ya bi injin jiya.

"Hancin uwarka ne," in ji shi. "Lawal. Allah shi yi maka albarka, Lawal."

Kuka ya ci ƙarfina. Shi ma bai hana ni ba, ya bar hannunsa a kaina har na yi shiru.

Da muka dawo gida mutane na zaune a ƙofa suna jira. Saude ta kama shi ya sauka, ya gyara hularsa, ya ce yunwa yake ji a kawo masa tuwo. Ya kai bakin zaure sai ya tsaya ya juyo.

"Saude, ce ma wancan ya shigar da shi inuwa, rana na cin jan."

Na ce wa Saude ta ce masa to.